Anti Perlita, Wadda Ta Rage Mana Gudu a Titin Ilima

A safiyar Talata, 11 ga watan Maris na shekarar 2025, Allah ya yi wa Perlita Dumlao rasuwa a gidanta da ke Titin Ilima, a unguwarmu ta Kula Nani, bayan jinyar wata biyar. Shekarunta saba'in da huɗu. Mijinta, Kawu Florencio, shi ya bugo mini waya wajen ƙarfe takwas. Ya ce, "Glenn, Antinku ta tafi," ya ajiye wayar. Kwamitin ƙungiyar masu gidaje ya nemi in rubuta wani abu a takardar unguwa ta wannan wata, tunda ni ne shugaban ƙungiyar a duk shekarun da ta yi tana fama da mu. Abin da na gani da idona shi zan faɗa.

Anti Perlita, shekara talatin da ɗaya kika yi kina tuƙa bas ɗin birni tsakanin Waipahu da Honolulu, ba ki taɓa take ko kaza ba, a tsibirin da kaji ke yawo a titi kamar na gidansu ne. Da kika ajiye aiki mun ɗauka za ki zauna ki kula da mangwaronki. Kusan haka aka yi, sai abin da ya faru da Anti Setsuko Arakaki a watan Yunin 2016.

Anti Setsuko tana da shekara tamanin da biyu a lokacin. Ta fito da hantsi za ta tsallaka zuwa akwatin wasiƙu, tana dogara sandarta mai ƙafa huɗu, sai wata mota ta gangaro ta fizge sandar ta wuce. Ta faɗi, ƙugunta ya karye. Ke kika fara isa wurinta, kika tallafe kanta har motar asibiti ta zo. Daga asibiti aka wuce da ita gidan kula da tsofaffi, ba ta sake kwana a ɗakinta ba. Ba a gano direban ba har yau.

Titin Ilima mallakar ƙungiya ne, saboda haka ɗan sanda ba ya tsayawa a kansa. Miƙaƙƙe ne, ga gangara daga can sama har bakin ƙofar unguwa, kuma allon da ke cewa kada a wuce mil goma sha biyar a awa ya daɗe da koɗewa. A taron da muka yi bayan haɗarin, kowa ya ce baƙi ne masu yanke hanya. Ni ma haka na ce, har na kawo shawarar a kafa sabon allo babba. Kika ɗaga hannu kika ce, "Shugaba, titin nan ba ya ɓullewa ko'ina. Wane baƙo ne zai shigo lungu don ya yanke hanya?" Na ce an ji, a wuce magana ta gaba.

Washegari kika fito da kujera bakin garejinki, da littafi da agogo. Kin auna tazarar da ke tsakanin turakun fitila biyu, kin kuma san daƙiƙa nawa ya kamata mota ta yi tsakaninsu. Mako shida kika yi a kujerar nan, safe da yamma, kina rubuta lambar mota da gudunta. Da taro ya zagayo kika miƙe da littafin. Cikin kowace mota goma da ta wuce ƙa'ida, tara namu ne, masu gidaje. Kika ce za ki karanta sunaye, daga wanda ya fi kowa gudu.

Sunan farko na 'yarki ne, Marivic, ma'aikaciyar jinya, wadda gidanta ke can saman titin. Mil talatin da huɗu. Tana zaune a layi na biyu. Ta ce, "Haba Mama, a gaban mutane?"

Kika ce, "A gaban mutane kika yi gudun, 'yata."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Wata huɗu ba ta taka gidanki ba, ke ma ba ki bi ta ba. Kawu Florencio ne ya riƙa kai mata abinci a ƙafa yana dawowa da kwano, har ranar da ita da kanta ta dawo da kwanon.

Sunana ne na uku a littafin. Ban ji daɗi ba, kuma ban yi abin kirki da rashin jin daɗin ba. Na binciki dokokin ƙungiya na samo inda aka hana ajiye kujera a gaban gida, na rubuta miki takardar gargaɗi da hatimi. Kika ja kujerar baya taku ɗaya, ta shiga cikin gareji inda doka ba ta kai ba, kika ci gaba da rubutu. Da yamma kika aiko mini da faranti cike da taliyar pansit, babu saƙo. Matata ta ce in ci, in kuma ji kunya. Na yi duka biyun.

Abin da kika nema da farko shi ne a yi tudun rage gudu guda biyar a kan titin. Sau biyu aka jefa ƙuri'a aka kayar da ke. Wasu sun ce zai lalata musu ƙarƙashin mota, wasu sun ce ƙarar birki za ta dame su, ni kuma na ce zai rage darajar gidaje. A tsakanin nan kika ɓullo da taki hanyar. Kullum ƙarfe bakwai saura kwata, lokacin fita aiki, sai ki hau da tsohuwar motarki can sama, ki juyo, ki gangaro a mil goma sha biyar cif, motoci su jeru a bayanki. Mutane suka sa wa jerin suna bas ɗin Anti. An danna miki oda, an zage ki ta taga. Na ji da kunnena wani maƙwabci ya leƙo yana cewa, "Anti, turi ake buƙata ne?" Kika ce, "Ka tashi da wuri, ɗana. Makararka ba laifin titi ba ce." Shekara biyu kina haka. Wasu suka koma fita kafin ki fito, wasu suka haƙura suka bi layi.

A duk wannan lokaci, kowace Alhamis kina zuwa wurin Anti Setsuko. Kina yanka mata mangwaro ƙanana-ƙanana, ki taje mata kai, ki ba ta labarin unguwa. 'Ya'yanta suna California, ke ce mai zuwa. Ta rasu a 2019, titin yana nan yadda ta bar shi.

A ƙarshen wannan shekarar kika samu rinjaye. Kin bi gida-gida, kin san ƙuri'u sun isa, mu ma mun sani. Saura mako guda a yi taro sai matar Kawu Walter Freitas ta same ki. Kawu Walter tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa ne, an yi masa aiki sau biyu a ƙashin baya, kuma sau uku a mako ake kai shi asibiti. Gidansa ne na ƙarshe a sama, tudu biyar ɗin duka sai ya hau su, zuwa da dawowa. Shi mutum ne da ba ya magana a taro. Kika roƙe shi ya shiga motarki, kika kai shi wata unguwa a Ewa inda aka yi irin tudun, kika hau guda ɗaya a hankali iyakar yadda za ki iya. Matarsa ta ce bai yi ƙara ba, amma ya riƙe ƙofa, zufa ta jiƙa masa riga. Ba ki hau na biyun ba.

Ranar taro kika janye buƙatarki kafin a jefa ƙuri'a. Waɗanda suka mara miki baya suka fusata. Wata ta miƙe ta ce shekara uku suna bin ki, yau da aka zo gaɓa kin watsa musu ƙasa a ido. Kika ce, "Na nemi a daina karya tsofaffi ne. Ban nemi a canza wanda za a karya ba." Kika zauna. Akwai waɗanda ba su sake gaishe ki ba tun daga ranar, kuma wasunsu za su karanta wannan takarda.

Daga nan kika koma farko. Kika tuna abin da kika sani tun kina kan sitiyari, cewa direba yana sassauta ƙafa ne idan hanya ta matse ko ta lanƙwasa, ko da allo ko babu. Kika zana titin a takarda, kika sa manyan tukwanen siminti masu itatuwa, ɗaya a hagu, ɗaya a dama can gaba, yadda dole mota ta riƙa kaucewa. Da aka ce motar kashe gobara ba za ta iya wucewa ba, kika jera garewani a inda tukwanen za su zauna, kika yi ta zirga-zirga har 'yan kwana-kwana suka yarda suka zo da motarsu wata Asabar. Ta wuce lafiya. A wannan karon na jefa miki ƙuri'a, Kawu Walter ma ya zo a keken guragu ya jefa tasa. Aka ajiye tukwanen a watan Mayun 2021.

Bayan wata uku kika sake aunawa. Kika gaya wa taro cewa yawancin motoci sun sauko zuwa mil goma sha tara, ba goma sha biyar ba. Na ce miki a rubuta cewa an yi nasara. Kika ce a rubuta goma sha tara. Tun daga lokacin ba a sake buge kowa a Titin Ilima ba. Ban ce tukwanen ne kaɗai dalili ba, amma abin da aka samu ke nan.

A watan Afrilun bara, kina dawowa daga kasuwa da rana tsaka, gefen motarki ya gogi ɗaya daga cikin tukwanen. Babu wanda ya gani. Likitan ido ya ce ganinki ta gefen dama ya ragu, amma za ki iya ci gaba da tuƙi da rana. Kika dawo gida kika miƙa wa Marivic makullin, kika ce, "Tukunyar da ni na sa aka ajiye ban gan ta ba. Gobe mutum ne." Kika mayar da lasin ɗinki da kanki, kika koma jiran bas a bakin ƙofar unguwa, inda direbobin da kika koya wa aiki suke tsayawa su ɗauke ki.

Ganina da ke na ƙarshe a watan Fabrairu ne. Ciwon hanta ya riga ya cinye ki, kina kwance kusa da taga. Ke kika aika a kira ni. Na zaci maganar titi ce, sai kika zaro wata takarda daga ƙarƙashin matashi. Kawu Florencio bai taɓa koyon tuƙi ba, shekara hamsin ke kike kai shi ko'ina, Marivic kuma aikinta ba shi da Asabar ba shi da Lahadi. Kin raba makon ga maƙwabta: wane zai kai shi kasuwa, wance za ta kai shi ganin likita. Sunana yana gaban Lahadi, zuwa coci.

Na ce, "Anti, ni ba ɗan cocinku ba ne."

Kika ce, "Ba shiga na ce ka yi ba, Shugaba. Kai shi za ka yi. Kuma ba tambayarka nake ba."

Ranar Lahadin da ta wuce, kwana biyar bayan rasuwarki, na ɗauke shi. Da muka fita babban titi na tambaye shi ta ina ake bi. Ya duba hagu ya duba dama, sannan ya ce, "Wallahi ban sani ba, Glenn. Ban taɓa kallon hanya ba. Ita nake kallo." Sai da na tsaya na tambayi wani mai shago.

A madadin ƙungiyar masu gidaje ta Kula Nani, da ni kaina da iyalina, ina miƙa ta'aziyya ga Kawu Florencio, da Marivic da mijinta, da 'yan'uwan marigayiya na Waipahu da na can ƙasarsu a Ilocos. Za a yi jana'iza ranar Asabar 22 ga wata, ƙarfe goma na safe, a cocinsu. Allah ya ba su haƙurin wannan rashi, ya tsaya musu a kwanakin da ke tafe. Allah ya jiƙanki, Anti Perlita, ya gafarta miki kurakuranki, ya karɓi wahalar da kika sha saboda mutanen da ba su gode miki a kan lokaci ba, ya ba ki hutu a wurinsa. Mu kuma ya yafe mana, ya sa mu cika da kyau. Amin.

Glenn Tamashiro
Titin Ilima, Kula Nani