Baƙon Kaka Ya Samu Rakiya

Jiya, daren Sallah, ƙamshin lalle ya tuno mini da kakata a gidanmu na Miri. Da an ce an ga wata, mu sai tsalle, ita kuwa sai ta shimfiɗa buzunta ta tayar da nafila.

Na taɓa ce mata, "Kaka, ai azumi ya wuce!"

Ta ce, "Ke, ja'ira! Baƙon da ya yi wata a gidanki, ba za ki taka masa ba?"

Tun rasuwarta nake fargabar al'adar ta bi ta. Sai ga 'yata ta bar kitsonta rabi, ta kabbara a kan tsohon buzun nan, ba wanda ya sa ta. Na sauke ajiyar zuciya.

Allah ya haskaka makwancinki, Kaka. Baƙonki ya samu rakiya.