Karatuna a Wayar Baƙo

Koyon karatu da furfura a gemu wahala ne, ba wani daɗin baki da za a yi wa maganar. Na hau da buhun siminti hawa na biyar ba lifta, na shimfiɗa tayil a zafin Makka cikin ɗakin da ko fanka ba a sa ba, amma duk ba su kai zaman da na yi da yatsa a ƙarƙashin baƙi ɗaya ina gumi ba.

Ni mutumin ƙauye ne daga wajen Kazaure. Makarantar allo na ɗan taɓa, ban gama babbaƙu ba aka cire ni aka kai gona. Gajerun surori na riƙe da ka, waɗanda ake salla da su. Da su na zo Makka, da su na zauna shekara ashirin da wani abu, ina aikin tayil a gidajen unguwar Aziziyya, in Hajji ya zo in tafi Mina in ɗaukar wa alhazai kaya in nuna musu hanya. To a gida ba wanda zai yarda mutum ya daɗe haka a gindin Ka'aba bai iya buɗe Alƙur'ani ba. In na je hutu, Malam na Makka suke ce mini. A tashi salla sai a turo ni gaba. Ni kuma in dafa gwiwa in ce tayil ya cinye ta, a zaune nake ƙarasawa, mai zama kuwa ba ya jan masu tsayuwa. Gwiwar tana ciwo da gaske, amma bai kai haka ba. Matata ma ban gaya mata ba.

A unguwar Rusaifa nake zaune. Ƙasan ɗakina akwai wani malami mutumin Maraɗi, na girme shi nesa ba kusa ba, yana koyar da 'ya'yan Hausawa a falonsa bayan la'asar. Na daɗe ina wucewa ina jin yaran. Wata rana na jira suka watse, na shiga, na rufe ƙofa da kaina. Na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Bai yi dariya ba, bai yi mamaki ba.

"Alhaji, ai ba kai ne na farko ba," in ji shi. "Ka riƙa zuwa bayan asuba, kafin ka tafi aiki."

"Allah gafarta Malam, sharaɗina ɗaya ne. Daga ni sai kai."

"Daga ni sai kai sai Allah."

Haka ake yi wa babba in ya zo ɗaukar karatu. Ana rufa masa asiri. Ba a sa shi cikin yara, ba a gyara masa da ƙarfi, in wani ya yi sallama a rufe littafi a ce hira ake. Malam ya san wannan, kuma ya yi mini shi. In ɗalibinsa ya ƙwanƙwasa da sassafe, sai ya ɗaga murya ya ce, "To Alhaji, nawa ne mitar wannan tayil ɗin?" Na so mutumin nan. Wannan ma sai na faɗa.

Muna cikin haka ya shiga daura. Daura ita ce kwas, karatun ƙarin ilimi na malamai da masu koyarwa, amma wannan ta intanet ake yinta. Ba a zuwa ko'ina. Mutum ya zauna gaban kwamfuta, malamin yana wata ƙasa, 'yan ajin kowa yana garinsu, a ƙarshe a ba da shahada, takardar shaidar kammalawa. Ya yi ta ba ni labari da murna. Ya ce duniya ta canja, malami ba ya cewa ya gama. Ya ce har malaman Yahudawa suna da irin tasu, mutum ya zama limaminsu ya yi shekaru yana koyarwa, ya dawo gaban kwamfuta yana ƙaro karatu. Na ce to madalla, ilimi ai ba ya ƙarewa.

Na taimaka masa da abin da na iya. Intanet ɗinsa ba shi da ƙarfi, na jawo masa waya daga ɗakina ta taga. Ya ce bangon bayansa yana fitowa a kyamara duk ya kumbura da laima, yana jin kunya in an buɗe aji. Na kwaso ragowar tayil daga wani gini, kore mai ratsin fari, na shimfiɗa masa a bangon ran wata Juma'a. Ya yi kyau ƙwarai. Ya yi mini addu'a har na ji nauyi.

A kwanakin ne ya fara jingina wayarsa da fulas ɗin shayi in za mu fara. Na tambaya.

"Wannan fa, Malam?"

"Kaina nake ɗauka. A daura an ce malami ya riƙa sauraron yadda yake koyarwa, ya gyara kurakuransa."

Na ce to. Me na sani? Wayar tana kallonmu, muna karatu. Har na saba, na manta da ita.

Akwai wata safiya da na karanta shafi guda daga sama har ƙasa ban tsaya ba. Shi ne karo na farko a rayuwata. Kafin nan na maƙale a layi ɗaya, na maimaita, na sake maimaitawa, gumi yana ɗiga a kan takarda. Da na kai ƙarshen shafin sai kawai na ji hawaye. Na sa hannun riga na share, suka ƙi tsayawa. Malam ya sunkuyar da kai ya bar ni na gama. Ko da mahaifina ya rasu ba a ga hawayena ba.

Hajjin shekarar, ƙanin matata yana cikin alhazan jiharmu. Abokin wasa ne, baki gare shi kamar reza. A Mina na nemi tantinsu, na kai musu ruwa da ƙanƙara, ya yi ta nuna ni ga mutane: ga mijin yayata, tsohon ɗan Makka, duk abin da ya shige muku duhu ku tambaye shi. Da rana ne, an idar da azahar, mutane suna kishingiɗe. Wani alhaji mai gilashi, wanda aka ce shugaban wata Islamiyya ne, ya yi ta kallona. Can ya taso ya kama hannuna da hannu biyu.

"Baba, kai ne! Wallahi kai ne!"

"Ni ne wa?"

"Dattijon daura! Mai shafi guda! Allah ya saka maka. Ka san sau nawa na nuna wa malamaina kai?"

Ban gane ba. Ya zaro waya, ya lalubo, ya ɗaga yadda kowa zai gani. Abin da na fara ganewa tayil ɗina ne, kore mai ratsin fari. Sai ga ni zaune a gabansa, hula a karkace, yatsa a kan layi, ina in-ina a kan abin da jikana yake rerawa yana wasa. Ga muryar Malam a sama yana bayani da Larabci, ya ɗora ta daga baya. Larabcin aiki nake ji, amma na ji abin da ya ishe ni: babban mutum, ya haura shekara ashirin a Makka, bai san baƙi ba, yana ɓoye wa iyalinsa. Aka zo wurin hawayen. Bai yanke ba.

Mai gilashin nan ba mugunta yake yi ba. Idonsa har ya kawo ruwa. Ya ce shi ma ya yi daurar, ajinsu gaba ɗaya aka nuna wa, malamin daura ya ce darasin da ya fi kowanne ke nan, daga nan kowa ya kwafa. Ya ce akwai 'yan Kano a ajin, da 'yan Damagaram, da wani daga Kumasi. Mutane suka taso suka kewaye mu. Wani tsoho ya ce Allah ya ƙara basira. Wani ya ce a sake sawa daga farko.

Ƙanin matata ya jira aka gama. Sannan ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tsaya a gwiwa.

"Yaya, ashe ƙafar nan lafiyarta lau."

Aka yi dariya, ba da yawa ba. Ya ce wa mai gilashi ya tura masa. Ina tsaye ya tura. Na ɗauki bokitin ƙanƙarata na fita. Sauran kwanakin Mina na yi aikina, kaya na ɗauka, hanya na nuna, amma ban sake bi ta layin tantin nan ba.

Da aka sauko na bar alhazai suka ragu. Ran nan bayan la'asar na jira yaransa suka watse, kamar ranar farko, na shiga na rufe ƙofa. Shahadar ta iso. Ya sa ta a gilashi ya rataye a bangon da na yi masa. Ya huda mini tayil da ƙusa, har ɗaya ya tsage.

"Alhaji! Hajji maƙabuli. Zauna, ga shayi."

"A tsaye zan yi. Malam, wa ka ba karatuna?"

Ya gane nan take. Ya ajiye kofin. Ya ce aikin ƙarshe ne na daura, dole kowa ya ɗauki darasi na gaske ya tura, ba a ba da shahada sai da shi. Ya ce yara kowa yana da su, babba ne ba a samu.

"Ai ban faɗi sunanka ba, Alhaji."

"Ka ɓoye suna ka bar fuska? A Mina da suna aka gane ni?"

"Wallahi na ɗauka Larabawa ne da mutanen Indunusiya. Ban san akwai namu da yawa haka ba."

"Akwai inda za a buɗe karatun addini kyauta a ce ba Bahaushe a ciki?"

Sai ya canja hanya. Ya ce in duba ladan. Ya ce dattawa da yawa sun shiga karatu saboda ni, an rubuto masa. Ya ce haka ake yi ko'ina yanzu, malaman Yahudawan nan da ya ba ni labari ma haka suke yi, su ɗauki darasinsu su tura abokan karatu su duba.

"Ni ban san su ba," na ce. "Amma in suna yi, ina jin suna tambayar mutum tukuna. Kai me ya hana ka tambaye ni?"

Ya amsa idonsa a kan tabarma.

"Na san ba za ka yarda ba."

Da ƙarya ya yi mini da ta fi mini sauƙi. Da ya ce ya manta, ko wayar ce ta tura da kanta, da na samu abin riƙewa. Ashe ya auna, ya san amsata, ya zagaye ta. Kullum da asuba yana zuba mini shayi daga fulas ɗin nan, ya mayar da shi ya gyara wa wayar zama.

Na ce ya goge. Ya ce nasa zai goge yanzu a gabana, amma na hannun mutane ya fi ƙarfinsa. Ya ce in yafe masa. Na ce yafiya ba tayil ba ce da zan auna in yanka masa yau. Na juya zan fita, ya biyo ni har ƙofa.

"Alhaji, kar shaiɗan ya raba ka da karatu. Mun yi nisa fa. Ka zo gobe mu ɗora daga inda muka tsaya. Ba waya, na rantse."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Mun yi nisa. Kuma ba wanda ya san inda harshena yake tuntuɓe kamar shi. Na hau sama. Na zare wayar intanet ɗin daga taga, na naɗe ta, na jefa ƙarƙashin gado.

Kafin magariba matata ta kira. Ƙaninta ya riga ya isa gida, abin kuma ya riga shi isa. Ta gaishe ni, ta tambayi aiki, ta tambayi zafi. Sannan ta ce, "Na gani. Yaran ma sun gani." Na ce to. Ta ce limamin unguwa ya ce a gaishe ni. Na ce ina amsawa. Abin da na so in gaya mata da bakina ran da na sauke, in zaunar da ita in buɗe in karanta mata, wani ya riga ya gaya mata, da Larabci, don a ba shi takarda.

Washegari na tashi lokacin da na saba. Na yi alwala, na yi salla, na ɗauki Alƙur'anina na sauko. Ƙofarsa a buɗe take, ya shimfiɗa darduma biyu, ga fulas a tsakiya, shi yana zaune yana kallon hanya. Na ce salamu alaikum, don sallama hakki ce. Ya amsa ya fara miƙewa. Na wuce.

Na tari mota zuwa Harami. Akwai halƙoƙin karatu da ake zama a kewaye malami bayan asuba, a fili, kowa yana wucewa yana gani. Shekara da shekaru ina ratsa su da kai a sunkuye. Na zaɓi ɗaya a gindin wani ginshiƙi, na lanƙwasa gwiwar da ƙyar na zauna tsakanin wani ɗan Bangladash da wani tsoho mai sanda. Malamin ya tambaye ni daga ina zan fara. Na buɗe inda muka tsaya, na sa yatsa.