Tafin Hannun Iyatu

Da an sallame sallar asuba Iyatu ke fitowa daga ɗakinta a Dei-Dei, can gefen Abuja, ta ratsa tsakanin motocin siminti da shanun da ake korawa kasuwa, ta hau bas zuwa Kado. Kafin ƙarfe bakwai ta buɗe tagogin wani gidan motsa jiki da ke saman bene, ta goge madubai, ta shimfiɗa tabarmin roba ashirin da huɗu, ta bi kowace da tsumma a durƙushe. Shekara goma sha tara ke nan tana wannan aiki. Ƙarshen watan nan za ta ajiye shi ta koma garinsu, ni kuwa na ga bai kamata ta tafi shiru kamar yadda ta zo ba.

Wanda bai san gidajen motsa jiki na Abuja ba, wurare ne da madubi ya fi kowa shan aiki. Samari su ɗaga ƙarfe sau uku, su duba damtse sau goma. 'Yan kwalliya su zo da kayan da ba su taɓa jin gumi ba, a ɗau hoto, a wuce shan lemo. Ga kuma 'yan watan Janairu, masu rantsuwar bana sai tumbi ya tafi. Tumbin yana nan, su ne suka tafi. Duk Iyatu ce ke goge inda suka taka, kuma da wuya ka sami uku a cikinsu da suka san sunanta. "Madam kilina" suke ce mata.

Shara aka ɗauke ta yi. A lokacin wata malama ce ke koya wa mata yoga, wato motsa jikin nan na miƙa gaɓoɓi da jan numfashi a hankali. Iyatu tana goge ƙasa, idonta na kan malamar, in an watse ta gwada ita kaɗai. Shekara shida tana haka. Da malamar ta bar Abuja, matan ajin suka je wurin mai gidan, Oga Edward, suka ce a ba su Iyatu. Ya dube ta da tsintsiya a hannu, ya ce da irin Hausarsa, "Iyatu, kai ne za ka koya? Satifiket naka yana ina?"

Ta ce, "Oga, ba ni da shi. Amma ina gane mai ciwon baya tun daga yadda take hawo bene."

Ya ba ta awa ɗaya da safe, bai kuma karɓe tsintsiyar ba. Sunayen da tsohuwar malama ke kira sun fi ƙarfin bakinta, sai ta raɗa nata: miƙar mage, ɗaukar tulu, kwanciyar jinjiri. Ta kuma juya tabarmin suka kalli arewa, don ta lura mata na jin wani iri su duƙa suna fuskantar gabas alhali ba sallah suke yi ba.

Cikin wannan aji Hajiya Halimat ta shigo wata safiya, tana dogara sanda. Darakta ce a wata ma'aikatar tarayya. Hatsarin mota ya farfasa mata gwiwar dama, ƙashi ya haɗe, amma gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, har ta shekara uku tana sallah a kan kujera. Malamai sun gaya mata sallarta ta yi, ita ma ta sani, sai dai zuciyarta ba ta kwanta ba.

"Malama Iyatu," in ji ta, ita ce kuwa ta fara kiranta haka, "ni ba rage ƙiba ta kawo ni ba. So nake goshina ya sake taɓa ƙasa kafin a sa ni cikinta."

Iyatu ba ta yi mata alkawari ba. Ta tattaɓa gwiwar, ta ce, "Hajiya, ki zo gobe."

Wata biyar suka yi kafin Halimat ta iya durƙusawa a kan matasai. Sai aka zo kwanciyar jinjiri, inda mutum ke durƙusawa ya naɗe ya ɗora goshi a ƙasa. Iyatu ta jera mata matasai huɗu a gabanta. Halimat ta sunkuyo, ta tsaya a hanya.

"Sauko mana, Hajiya, ga matashi."

"A'a. Shekara uku goshin nan bai sauka don Allah ba. Ba zai fara sauka don yoga ba."

Wata matashiyar lauya mai suna Nazeefa ta ce daga tabarmarta, "Haba Hajiya, ai eksasais ne kawai." Halimat ba ta ko dube ta ba. Iyatu ta san in kai bai sami madogara ba baya ba zai saki ba, in baya bai saki ba kuma wahalar wata biyar ta tashi a banza. Ta kuma san ba a ja da irin wannan magana. Sai ta zagayo gabanta, ta durƙusa a kan tayil, ta shimfiɗa tafin hannunta a bisa matasan.

"To ɗora a nan. Hannu ba ƙasa ba ne."

Halimat ta daɗe tana kallon hannun, duk ya yi kanta da sabulu da tsintsiya. Sannan ta ɗora goshinta.

Haka suka yi kullum har wata bakwai. Duk bayan 'yan makonni Iyatu ta zare matashi ɗaya ba tare da ta faɗa ba. Wata Talata ta ji bayan hannunta kwance a kan tabarma, ba komai a tsakani. Ta sunkuya ta ce a hankali, "Hajiya, kina da alwala?"

"Ina da ita."

"To kaurin hannuna ne kawai ya rage tsakaninki da ƙasa."

Halimat ta tashi, ta nufi lungun da mata ke sallah, ta ture kujerar da ake ajiye mata, ta kabbara nafila. Ina cikin ajin ranar. Ta yi ruku'u, ta sauka da ƙyar, goshi ya taɓa sallaya. Sai ta ƙi ɗagowa. Muka tsorata ko gwiwar ce ta riƙe. Nazeefa ta yunƙura za ta tallafe ta, Iyatu ta kama mata hannu. Kafaɗun Halimat ne ke rawa. Can ta ɗago da kanta, da wata kabbara da kuka ya shaƙe. Ban ga wadda idonta ya bushe ba a cikinmu.

Iyatu ta Dei-Dei, malamar da ba ta da takarda! Ke ce kika ji maganar da mu masu digiri muka ɗauka taurin kai ne, kika gane alkawari ce tsakanin baiwa da Ubangijinta, kika nemo hanyar da ba za ta karya shi ba. Ke ce kika koyar da daraktoci da ƙarfe takwas, ƙarfe tara kika wanke banɗakinsu, ba mu taɓa ganin fuskarki ta sauya ba. Ina jin kunyar shekarun da na yi ina wuce ki a bene ban gaishe ki ba. Mun gode, Allah Ya saka miki da mafificin alheri. Masu koyarwa a gidajen motsa jikin garin nan, da mu duka masu aiki da mutane, mu yi koyi da ita: mu saurari abin da ya kawo mutum kafin mu nuna masa abin da muka iya.

Sai makon jiya muka san dalilin tafiyarta. Shekarun durƙuso a kan tayil sun cinye mata gwiwoyi biyu, wata huɗu ke nan ita ma a kujera take sallah, ba ta gaya wa kowa ba. Da Halimat ta ji, ta same ta tana naɗe tabarmi, ta ce ita ta riga ta ɗauki hutu a ma'aikata, tare za su tafi garin su Iyatu, su yi aikin gwiwar tata.

Iyatu ta yi dariya. "Hajiya, kada ki wahalar da kanki. Likita ya ce tawa ba ta gyaruwa."

Halimat ta karɓe tabarmar daga hannunta, ta ce, "Haka ya ce da tawa."