Kifaffen Kofin Clarrie

Kurralinga sunan gari kawai ya ara. Mashaya ce guda, da famfon mai, da wani kare da ya daɗe da yin murabus daga haushi. Sauran duk jar ƙasa ce har inda ido ya gaji.

A bayan kantar mashayar akwai katako, kowane ɗan yankin da kofinsa na ƙarfe a kai. Wanda zai shiga hamada duba rijiyoyin shanu sai ya kife nasa kafin ya tada mota, in ya dawo ya tayar da shi da hannunsa. Wanda kuma ya mutu, a sauko da kofinsa a cika da giya, kowa ya kurɓa, a miƙa wa iyalinsa.

Noelene ce mai wurin. Tana budurwa motar wasiƙu ta sauke ta, wai za ta yi wa makiyaya girki na 'yan watanni ta koma birni. Sai ta haɗu da Clarrie, dogo mai kunnuwa kamar faifai, wanda ya yi wata guda yana yabon miyarta kafin ya iya faɗin abin da ke ransa, alhali miyar nan ko kare ba ya marmarinta. Ta aure shi, ta zauna, gashinta ya yi fari a nan. Bakinta kuwa bai tsufa ba.

Wata safiya Clarrie ya kife kofinsa, ya ce kafin nama ya nuna zai dawo. An tsinci motarsa a bakin wata busasshiyar rijiya, ƙofa a buɗe. Shi ba a gan shi ba. Shekaru suka yi ta wucewa, kofin yana kife. Kullum Noelene takan goge shi a inda yake, ba ta ɗaga shi.

"Noelene, ki bari mu sha wa mutumin nan, ya huta mu huta," in ji Merv, tsohon direban motar shanu, abokin Clarrie tun suna samari.

"Taɓa ka gani, tsohon banza. Da ƙafa za ka riƙa tuƙi."

Da rana tsaka takan tsaya a ƙofa. Can ƙarshen hanya kawalwalniya na shimfiɗa tafki, raƙuman daji na yawo a samansa ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa. A cikin ruwan nan da ba ruwa ba takan ga wani dogo yana tahowa a hankali, hula a hannu. Bai taɓa isowa ba, bai kuma taɓa juyawa ba. Tana kewarsa, amma muddin kofin na kife, a wurinta tafiya kawai ya yi.

Ranar da abin ya faru, wata matashiya mai suna Tamsin ta tsaya, ta taso daga birnin Adelaide tana yawon ganin ƙasa, rana ta dafa mata fuska. Noelene ta fita zuba mata mai. Yarinyar ta shiga, ƙishi ya hana ta jira, ta duba katakon ta ɗauki kofin da ya fi kowanne sheƙi, ta cika da ruwan tanki. Kafin Merv da ke zaune a gefe ya hana ta, har ta kai shi baki.

Noelene ta shigo tana goge hannu. Ta ga kofin Clarrie a tsaye a kan kantar mashayar, ruwa na gangarowa a gefensa. Ɗakin ya cika da ƙamshin tabar Clarrie, ta ji takun takalminsa a bayan ƙofa, ta juya da murna irin wadda ta manta akwai ta a duniya, har ta ɗaga hannu za ta gyara gashinta.

Babu kowa sai yarinya tana share baki, da Merv da ya cire hula.

"Mama, laifi na yi?" Tamsin ta tambaya, tana kallon wannan tana kallon wancan.

Noelene ta dubi kofin. Sannan ta ce, "Ya ruwan?"

"Da sanyi. Sai dai ɗan warin tsatsa."

"Haka yake. Mai shi bai taɓa yarda a wanke masa cikinsa ba."

Ta ɗauki kofin, ta zubar da ragowar ruwan, ta tara shi a bakin famfon giya har kumfa ya zubo mata a yatsu. Ta kurɓa, ta miƙa wa Merv. Ya karɓa, amma bai kai shi baki ba.

"Kin tabbata, Noelene?"

"Ai ya dawo, Merv. Yanzun nan na ji shigowarsa." Ta share ido da bayan hannu. "Sha ka ba 'yar nan, kar ka shanye, na san halinka."

Da motar Tamsin ta tashi, Noelene ta raka ta da ido daga ƙofa, kofin a aljihun rigar aikinta. Tafkin yana nan a ƙarshen hanya yana rawa, raƙuman suna nan. Ta duba, ta sake dubawa, babu mai tahowa.