Gwaggo Ngaire, Mai Jera Ƙudajen Fatsa a Turangi

Ƙarfe shida da rabi na safe Ngaire Tukaki take shiga shagon kayan fatsa na Garth Mulholland da ke garin Turangi ta ƙofar baya. Takan ɗora butar shayi, ta rataye rigar sanyinta, ta wuce ɗan ɗakin da ke bayan kantar shagon, inda babu komai sai tebur da kujera da durowoyi a jikin bango. A kan teburin akwai ƙananan akwatunan da 'yan fatsa suka bari jiya da yamma, irin waɗanda ake sawa a aljihun riga, kowanne da sunan mai shi. Sai ta buɗe na farko, ta juye abin da ke ciki a kan farin tawul, ta gyara zaman tabarau. Shekara arba'in da ɗaya ke nan haka safiyarta take. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin.

Abin da take juyewa ƙudajen fatsa ne, wato ƙugiyoyin da aka naɗe da zare da gashin tsuntsu ko na zomo har suka yi kama da ƙwarin da kifi yake ci. Wani bai kai ƙwayar shinkafa ba, wani ya kai ɗan yatsa. Masu ɗaura su daban ne, kuma su ake sanin sunayensu. Ngaire ba ta ɗaurawa. Nata aikin shi ne tsincewa da busarwa da jerawa. Ƙudajen da ke yawo a saman ruwa takan ba su gurbi mai faɗi don kada gashinsu ya lanƙwashe. Masu nutsewa takan soke su a jikin soso, marasa nauyi a sama, masu nauyi a ƙasa. Manyan da ke kwaikwayon 'yan ƙananan kifaye akwatinsu daban, duk kawunansu suna kallon gefe ɗaya. Ƙugiyar da ta fara tsatsa kuwa kwandon shara ne makomarta, ko da mai ita ya rantse cewa da ita ya kama kifin da ya fi kowanne girma a rayuwarsa.

Wanda bai taɓa tsayawa a kogin Tongariro da ke gefen garin ba a watan Yuli, tsakiyar lokacin sanyi a can, ruwa har ƙugu, yatsu sun sandare, zai iya ɗaukar wannan a matsayin tsirfa. Amma kifi yakan yi minti goma ne kacal yana cin abinci, daga nan ya kwanta. Mutumin da ya ɓata mintunan nan yana tonon akwati ya yi asarar yininsa.

Garth, mai shagon, yana yawan ba da labarin wani baƙo da ya zo wata safiya, shekara goma sha biyar da suka wuce. Mutumin ya sauka daga jirgi ne daga Tsibirin Kudu na ƙasar, inda wata muguwar gansakuka ta lulluɓe duwatsun koguna da yawa. Ya miƙo akwatinsa don a ƙara masa ƙudaje shida, mai yi masa jagora yana jiransa a mota. Ngaire ta taɓa soson akwatin da yatsa, ta ji shi da danshi.

"Yaushe rabonka da shiga ruwa?" ta tambaye shi.

"Jiya da rana."

"A kudu?"

"E mana. Baiwar Allah, sauri nake yi."

"To, wannan akwatin ba zai ga koginmu yau ba." Ta rufe shi, ta buɗe firizar da take sa sababbin gashin tsuntsu don kashe ƙwayayen asu, ta jefa shi ciki.

Mutumin ya juya ga Garth. "Wannan matar ta san daga inda na taso kuwa?"

"Ai shi ne ma abin da ya jawo," in ji Ngaire. "Ɗigo ɗaya daga soson nan ya isa. Gobe ka zo ka karɓi abinka ya daskare. Takalmanka ma kawo su a jiƙa da ruwan sabulu."

Garth ya ce ransa bai so ba a lokacin, domin baƙon babban mai ciniki ne, amma ya ƙyale ta. Ngaire ta jawo durowa, ta haɗa wa mutumin wani akwati cikin minti huɗu, ta miƙa masa aro. Ya fita bai yi sallama ba. Babu wanda ya san ko akwai gansakukar a soson nan. Ngaire ma ba ta taɓa cewa akwai ba. Abin da ta ce kawai, ba ta da hanyar sanin babu.

Labarin da aka fi sani a Turangi shi ne na Ettore Zanella. Ettore ya zo daga Italiya yana saurayi, cikin masu haƙa ramukan da aka bi da ruwa ta ƙarƙashin duwatsu don samar da lantarki. Aiki ya ƙare, 'yan uwansa suka koma, shi ya zauna saboda mace da kuma kogi. Yana da shekara saba'in da tara idanunsa suka fara mutuwa daga tsakiya: yana ganin gefen abu, ba ya ganin abin da ya kalla. 'Yarsa Lidia ta karɓe makullin motarsa, ta ce shi da kogi sai dai ya zauna a kan benci ya ji ƙararsa.

Wata Talata ya shigo shagon da sanda, ya zube akwatunansa uku a kan teburin Ngaire.

"Ki raba wa masu ido," ya ce.

"Mene ne ya gagare ka? Jifan fatsa ko tsayuwa a ruwa?"

"Jifa? Ke 'yar nan, tun kina makaranta nake jifa a kogin nan. Ko a mafarki zan yi. Zaɓen ƙuda ne ba na iyawa. In ma na zaɓa, ba na ganin kafar da zan zura zare. Jiya na yi awa guda ina zura zare a iska."

"Ai ko da kana gani ma, akwatinka kamar sheƙar ɓera yake, tsoho."

"To, ki zage ni, amma ki karɓa."

"Bar su nan. Ka dawo Juma'a."

Kwana uku ta yi a kansu, tana yi tsakanin sauran aiki. Daga ƙudaje wajen ɗari uku ta zaɓi talatin da shida, waɗanda ta san su yake amfani da su, ta jera su layi shida a akwati ɗaya. A bakin kowane layi ta manna 'yan duwatsun ado da yatsa zai iya ƙirgawa: ɗaya a layin marasa nauyi, har zuwa shida a layin masu nauyi. Sannan ta zura wa kowane ƙuda zarensa tsawon kamu biyu, ta yi babban zarge a ƙarshe, irin wanda hannu zai iya haɗawa ba sai an duba ba, ta naɗe zaren a ɗan guntun soso don kada ya sarƙe.

Ran Juma'a Ettore ya zo tare da Lidia, wadda ta shigo fuska a ɗaure. Ngaire ta sa masa akwatin a hannu.

"Ba ni mai nauyi na uku, ka haɗa shi da wannan zaren."

Yatsunsa suka bi gefen akwatin, suka tsaya, suka ciro. Kafin butar shayi ta tafasa ya haɗa. Ya riƙe ƙudan a tafin hannu.

"Gwaggo, in ya faɗa ruwa fa?" in ji Lidia.

"Wannan ba a akwati yake ba, tsakaninki da shi ne. Amma gurbin da ke ƙasan gada bai wuce gwiwa ba, kuma da safe ba a rasa mutane a wurin."

A kan haka suka tsaya. Lidia take kai shi, ta zauna a mota da littafi. Duk Juma'a yakan kawo akwatin, Ngaire ta mayar da abin da ya ɓata, kowanne a gurbinsa, domin in ta kuskure layi ɗaya ba shi da yadda zai gane. Lokacin sanyi biyar ya ƙara yi yana shiga kogi. A na biyu ya kama kifi mai kilo huɗu, ya yi bandarsa, ya kawo mata rabi a naɗe cikin jarida. Daga baya gwiwa ce ta zaunar da shi, ba ido ba.

Ke ce, Ngaire, wadda sunanki ba ya cikin hoton kowa. Bangon shagon cike yake da hotunan maza suna riƙe da kifi suna dariya, kuma da wuya a sami ɗaya da ƙudansa bai bi ta teburinki ba. Ke ce mai hannu ba garaje, wadda ba ta taɓa bambanta akwatin attajirin baƙo da na direban motar katako ba. Yanzu ciwon gaɓɓai ya kama yatsunki, kin ce gara ki tashi kafin ki fara sa ƙuda inda ba wurinsa ba. Babu wanda ya ce ki tafi.

Asabar da ta wuce 'yan fatsan garin suka yi mata walimar ban kwana da rana, da bandar kifi da gasasshen dankali da shayi. Kowannensu ya ɗaura ƙuda ɗaya da hannunsa, aka tara tamanin da bakwai a akwatin katako aka miƙa mata. Ta buɗe, ta ɗan jima tana kallo.

"Wa ya jera?"

Garth ya ɗaga hannu.

"Shekara nawa kana kallona, Garth?"

Ta ciro ɗan hantsakinta daga jaka, ta ture farantin gabanta, ta fara gyarawa, ana jawabin yabonta tana sunkuye.

Mun gode, Gwaggo Ngaire. Mun gode da kogin da kika tsare da kuma tsohon da kika mayar cikinsa. Duk wanda aikinsa ya kasance a ɗakin baya, inda ba a ɗaukar hoto, ya zo shagon Garth kafin wata ya ƙare, ya tsaya a bakin ƙofa ya ga yadda ake yi. Kada dai ya yi mata magana sai ta gama layin da take kai.