Ranar da na tsayar da ruwan Silet

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ranar da na kusa kashe wa wani dattijo lambu ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin ban daɗe da zuwa Tamanrasset daga Damagaram ba. Ina gyaran kwamfuta a wani shago a unguwar Tahaggart, girman kaina kuwa ya fi shagon. Dattijon Buzu ne, lambunsa na can garin Silet, kuma wata tsohuwar kwamfuta ce ke kunna masa famfo kowace safiya. Da ta fara nauyi, aka aiko mini ita.

A zuciyar tsarin kwamfuta akwai ƙananan sassa da ake kira modul, kowanne da na'urar da yake magana da ita. Na samo wani laburare, wato tarin umarnin da wasu suka riga suka rubuta, na haɗa ɗan shiri da shi. Shirin ya jero modul ɗin duka, duk wanda ya ga ba a amfani da shi ya cire, ya hana shi dawowa. Kwamfuta ta koma kamar sabuwa, har na yi wa kaina tafi. Abin da ban tuna ba, famfon yana can Silet, ba a kan teburina ba. Dole nasa modul ɗin ya zauna shiru.

Bayan kwana biyu da mayar da ita, sai ga wayar dattijon. "Ɗana, ordinater ɗin da ka gyara na haske, amma ruwa ba shi zuwa. Dashen tumatir ya fara kwantawa."

Nan take na gane ɓarnata. Na shiga motar farko, ina addu'a har muka isa. Dattijon bai yi mini faɗa ba, wannan ya fi yi mini zafi. Na goge sunan modul ɗin famfon daga jerin waɗanda na hana, na sa laburaren ya sake ɗora shi. Famfo ya yi gurnani, ruwa ya biyo kwalbati. Wallahi sai na zauna a ƙasa.

"Mi ya lalace?" in ji shi.

Na so in ɗora wa zafin rana, amma na ce, "Ni ne, Baba."

Ya dubi tumatirinsa, ya yi dariya. "To, za su tashi. Taho ka sha shayi."

Tun ranar ba na cire komai don kawai na gan shi shiru a gabana. Sai na fara tambaya ko akwai wanda abincinsa ke rataye da shi.