Mushe Ilyasu da Ƴan Matan Kwando

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Mushe Ilyasu, malamin wasanni na makarantarmu a Madawa (Mushe muke ce wa malamin boko a nan Nijar). Ɗalibarsa ce ni, daga baya na zama abokiyar aikinsa, yau kuma ni ke riƙe da ƙungiyar ƙwallon kwando ta ƴan mata da ya bari. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, aiki ya sha kaina. Bana Allah ya nufa.

Ƙungiya biyu yake horarwa, ta samari da ta ƴan mata, a fili ɗaya, amma yakan ce aiki biyu ne daban. Samari ba a nemansu. Kafin ya ajiye moto, wato babur ɗinsa, sun cika fili, wasu ma ba ƴan makarantar ba ne, katanga suka tsallako. Aikinsa a kansu zaɓe ne da ragewa. Yarinya kuwa sai an je an same ta, kuma ba yardarta kaɗai ake nema ba. Akwai uwa, akwai uba, akwai kaka, wani sa'in har da yayan da ke ci-rani, wanda sai an jira amsarsa.

Na fi kowa tsawo a ajinmu, ana kirana Gwangwala, har na koyi tafiya a duƙe. Da ya yi mini maganar wasa na ce Baba ba zai yarda ba. Bai ja da ni ba. Da kaka sai ga shi a ƙauyenmu, can wajen Azarori, ya sami Baba a bakin rumbu. Baba ya ce, "Mushe, karatu na kai ta yi, ba tsalle gaban maza ba." Mushe ya yi godiya ya tafi. Ya dawo, ya sake dawowa, suna hirar damina da gero. A ƙarshe ya roƙi abu guda: kakata ta zo ta gani da idonta, tunda gani ya kori ji.

Ranar kasuwa kakata ta zo, aka shimfiɗa mata tabarma ƙarƙashin dogon-yaro, kusa da matar Mushe, Inna Hajo, wadda ba ta fashin zama da mu. Ta ga dogayen wanduna, ta ga kallabi, ta ga babu namiji ko ɗaya a fili sai shi. Da aka tashi ta ce, "Wanga abu ai bai kai daka wuya ba. Ku bar ta." Baba kuwa kalma ɗaya ya ƙara: amana.

Horon ma ba iri ɗaya ba ne. Samari kullum yana yi musu tsawa su ba juna ƙwallo, don kowa so yake a ce shi ya jefa. Mu kuwa sai mu yi ta miƙa wa juna har gindin kwando, babu mai jefawa, kowa na tsoron ta kuskure a yi mata dariya. Wata rana ya tsayar da wasa ya ce mini, "Rabi, jefa. In ba ta shiga ba laifina ne." Bai taɓa cewa halitta ce ta bambanta mu ba. Cewa yake an yabi yaro a kan tsaurin ido, an yabi yarinya a kan noƙewa, shi kuma aikinsa ya rage wa wannan ya ƙara wa waccan. Shi ne kuma ya ba mu filin da zarar an tashi daga aji, don mu isa gida kafin magariba, samari suna gunaguni suna jira.

Ba kullum yake nasara ba. Akwai Zainabu ƴar Kaita, wadda ban taɓa ganin hannu irin nata ba. Mahaifiyarta ta kwanta ciwo, ta koma gida jinya, ba ta dawo ba. Ya je har can, ya ga halin da ake ciki, ya dawo. Har ya rasu yana ambatonta.

Da zai leƙo yau, me zai ce? Zai ga samari na ɗaukar wasansu a waya, ƙungiyoyin Yamai da na jami'a su gani su kira. Yarinya ko ta fi su iyawa, tambayar farko ita ce ko iyayenta za su bar ta, da yawa kuma daga nan suke janye jiki. Wannan zai ɓata masa rai. Amma zai ga mata na horar da mata a Buza da Kaita, kusan dukkanmu ta hannunsa muka bi. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Bai bar kofunan gasa da yawa ba, babu kuma filin da aka sa wa sunansa. Abin da ya bari na gan shi a farkon wannan shekarar karatu. Wani magidanci ya shigo fili riƙe da hannun ƴarsa. Da ƙyar na gane shi, ɗaya ne cikin tsofaffin samarin Mushe, yanzu yana noman albasa. Ya gaishe ni ya ce, "Malama, ga ɗiyata, a gwada ta." A duk shekarun da na yi ina wannan aiki, ita ce yarinya ta farko da ban je nema ba.

Allah ya jiƙan Mushe Ilyasu, ya sa aljanna ce makomarsa.